Injin mai rufin tangaran da man tsirrai: abin da ke fita daga bututun hayaƙi

A shekara ta 1900, a wajen babban baje kolin birnin Pari, an tayar da wani injin gazuwal da man gyaɗa tsantsa. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, don tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ta wadata amma man ƙasa ke da wuyar kaiwa. Injin ya yi aiki. Sai dai man tsirrai ɗanye ya fi gazuwal kauri wajen sau goma, ba ya fesuwa da kyau, yana kuma toshe bakin allurar mai. Shi ya sa ake sarrafa shi da barasa har ya tsinke. Wani malamin jami'ar Burusel, Chavanne, ya yi rajistar wannan dabara da manja a 1937.

Maganar rufin tangaran kuwa daga wata hanya ta zo. A cikin ƙarfin man da injin ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kaɗai ke juya ƙafa. Saura yana tafiya cikin hayaƙi da ruwan sanyaya inji. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Cummins da rundunar sojan Amurka suka yi ƙoƙarin tsare wannan zafi: aka shafe kan fistan da murfin silinda da wani tangaran mai suna zirkoniya, wanda zafi ba ya ratsa shi da sauƙi. Ba a samu ragin shan mai da aka yi fata ba, aikin ya lafa. Masu bincike na Indiya da Turkiyya suka farfaɗo da shi daga baya, bisa hujjar cewa mai mai kauri ya fi ƙonewa a ɗaki mai zafi.

To, mene ne ke fita? Man tsirran da aka sarrafa yana ɗauke da oksijan a jikinsa, kimanin kashi 11 cikin 100 na nauyinsa, saboda haka ya fi ƙonewa sarai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta a 2002 cewa in an zuba shi zalla a injin da ba shi da rufi, ƙurar baƙin hayaƙi na raguwa da kashi 47, iskar kabon mai guba da kashi 48. Rufin tangaran yakan ƙara rage su. Wannan riba ce ta gaske, musamman ga mai tsaron injin niƙa da ke yini cikin rumfa, tun da a 2012 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke haddasa sankarar huhu.

Amma akwai bashin da ake biya. Iskar da muke shaƙa galibinta nitirojin ne, kuma in zafi ya tsananta sai ya haɗu da oksijan, su haifi wata iska mai ƙona hanyoyin numfashi, mai tayar da asma. Man tsirrai shi kaɗai yana ƙara ta da kimanin kashi 10. Rufin da ke riƙe zafi yana daɗa ta. Hatsarinta shi ne, ido ba ya auna ta: hayaƙin da ya washe ana iya ɗaukar sa mai tsabta alhali ba haka ba ne.

Injiniyoyi suna rage ta ta hanyar jinkirta lokacin fesa mai, ko mayar da wani ɓangaren hayaƙin cikin silinda don wutar ta sassauta. In aka zarce kima, baƙin hayaƙin da aka kora ya dawo.