Kason Horo da Sayen Na'urori a Ma'aikatun Gwamnati

Tun 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwalejin ASCON, wadda ke Badagry, domin horar da ma'aikatanta. Duk da haka, kason horo ne akan fara zaftarewa idan kuɗin shiga ya ja baya. Horo yana cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, na'urori kuwa suna cikin manyan ayyuka, inda kwangila take. Sai a sayo kwamfutoci su yi ta shan ƙura a kwali, babu mai sarrafa su.

Asarar ta ƙara nauyi bayan sakin Naira a Yunin 2023, domin da dala ake shigo da kayan. Ya kamata 'yan kwangila su riƙa sanya horo da gyara cikin farashinsu tun daga takardar neman aiki.