Motocin Tseren Italiya: Aikin Guduma Da Ya Gagari Duniya

A arewacin Italiya akwai yankin Emiliya-Romanya, ƙasar noma da kiwo. A nan, tsakanin Modena da Bolonya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, aka kafa Maserati a 1914, Ferrari ta fitar da motarta ta farko a 1947, Lamborghini kuma ta biyo baya a 1963. Abin da ya haɗa su kuwa shi ne son tsere da ƙwarewar hannu.

Enzo Ferrari direban tsere ne a kamfanin Alfa Romeo na birnin Milan kafin ya kafa tasa ƙungiyar a 1929. Mota ta farko mai ɗauke da sunansa, 125 S, ta fito daga garin Maranello da inji mai silinda 12. Shi dai gasa ce a ransa. Sayar wa attajirai motoci hanya ce kawai ta samun kuɗin shiga fili.

Filin kuwa titin kowa da kowa ne. Gasar Mille Miglia, wadda aka fara a 1927, tana tashi daga Bireshiya zuwa Roma ta dawo, wajen kilomita 1,600, ta ratsa ƙauyuka da duwatsu, jama'a na tsaye a bakin hanya ba shinge. A nan ake gwada burki da giya da juriyar inji. A 1957 tayar motar Alfonso de Portago ta fashe, ya mutu tare da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara, biyar daga ciki yara. Daga ranar aka soke gasar, kuma a ganina an yi daidai, domin babu kofin da ya kai ran yaro.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne masu ƙera jikin motar. Kamfani kan haɗa inji da ƙashin mota, sannan ya miƙa wa gidaje irin su Pininfarina da Bertone da Scaglietti su yi mata riga. Maƙeri zai ɗora fallen alminiyom a kan buhun yashi ko kututturen icce, ya yi ta bugu da guduma yana shafawa da tafin hannu, har lanƙwasar ta kwanta yadda idonsa ke so. Shi ya sa da wuya a sami biyu da suka yi daidai da juna. Haka aka ƙera Ferrari 250 GTO daga 1962, guda 36 kacal.

Ferruccio Lamborghini kuwa da ƙera tarakta ya yi arziki. Ana ba da labarin cewa ƙorafi ya kai wa Enzo kan kulocin motarsa ƙirar Ferrari, aka yi masa kallon manomi, shi kuma ya yi zuciya ya kafa nasa kamfanin. A 1966 ya fito da Miura, wadda Marcello Gandini ya zana yana ɗan shekara 27. An kwantar da injinta a gicciye a bayan direba, tsarin da a lokacin motocin gasa aka fi sani da shi. Tana da zafi a ciki, ga ƙara, gabanta kuma kan yi sauƙi idan gudu ya yi gudu. Duk da haka ita ta shata hanyar da manyan motocin gudu suka bi daga baya.

Zamanin bai daɗe ba. Fiat ta sayi rabin Ferrari a 1969, tsadar mai ta 1973 da dokokin hayaƙi suka durƙusar da ƙananan kamfanoni, na'ura ta karɓe aikin guduma. A 2018 an yi gwanjon wata 250 GTO a kan sama da dala miliyan 48, kuma abin takaici, irin wannan kuɗi kan sa a kulle mota a gareji. Tun 1977 dai an farfaɗo da Mille Miglia domin tsofaffin motoci, amma yanzu kiyaye lokaci ake gasa a kai, ba gudu ba.