Littattafan Hutu na Cikin Jirgin Ruwa: Haja Mai Arha da Ba Ta Kwantai

Duk ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga tashar Kwatano ko ta Lome ya san jirgin ruwa na dakon kwantena. To, akwai wani irin jirgin da ba ya ɗaukar shinkafa ko atamfa, sai masu kuɗi da suka fito yawon shaƙatawa. Yana da ɗakunan kwana da gidajen cin abinci da wurin iyo, kamar otal ne ke tafiya a kan ruwa. A kan irin waɗannan jirage ne marubutan Turai da Amurka suka gina wata kasuwa ta ƙananan littattafai da ake karantawa lokacin hutu.

Wadda ta fi suna a wannan fage ita ce Baturiyar Ingila, Agatha Christie. A shekarar 1937 ta fitar da littafinta mai suna Death on the Nile, wanda Faransawa ke kira Mort sur le Nil. Labarin wata attajira ce da ta aure saurayin ƙawarta, suka shiga jirgi a kogin Nilu na Masar, sai aka wayi gari an kashe ta. Ɗan sandan ciki Hercule Poirot ne ya bi diddigin mai laifin. An yi fim ɗin labarin a 1978, aka sake yi a 2022. Yawon kogin Nilu kuwa ba ƙage ba ne, kamfanin Thomas Cook ya fara kai baƙi tun 1869.

Me ya sa marubuta ke son jirgi? Dalilin a fili yake. Da zarar jirgi ya bar gaɓa, babu mai shiga babu mai fita. Mai kuɗi da yaronsa, mai bin bashi da wanda ake bi, kishiya da kishiya, duk suna wuri guda. In an yi sata ko kisa, ɓarawon yana cikin waɗanda ake cin abinci tare da su. Wanda ya taɓa kwana biyu cikin motar haya a bakin iyaka ya san yadda halin mutane ke fitowa idan aka rasa wurin zuwa.

Ba labarin kisa kaɗai ake sayarwa ba, har da na soyayya. A 1974 wata ma'aikaciyar jirgi, Jeraldine Saunders, ta rubuta abin da ta gani a bakin aiki. Daga littafinta aka samo wasan talabijin The Love Boat, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1977, Faransawa suka fassara shi da sunan La croisière s'amuse. A 2016 kuma Ruth Ware ta fitar da The Woman in Cabin 10, labarin 'yar jarida da ta ce an jefa wata mata cikin teku, amma aka ƙi yarda da ita. Kamfanin Netflix ya mayar da shi fim a 2025.

Sirrin cinikin yana ga farashi. A 1935 Allen Lane ya kafa kamfanin Penguin a Ingila, yana buga littafi mai bangon takarda ana sayar da shi sisi, kuɗin kwalin taba. Faransa ta bi sahu a 1953 da Livre de Poche. Riba kaɗan ce a kan kowane ɗaya, amma yawan ciniki ke cike gurbi. Matafiyi ya saya a tasha, ya karanta, ya bari. Irin waɗannan ne ke ƙarewa a hannun masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi a Yamai da Kwatano. Masu sayar da littattafan soyayya na Kano ma a kan wannan hanya suka ci kasuwa.

Sai dai mai karatu ya sani, rayuwar jirgi ba kullum take kamar ta littafi ba. A watan Fabrairun 2020 an tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu da cutar korona. Ma'aikatan da ke shara da dafa abinci kuwa, da yawansu daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya, sukan yi watanni ba su ga iyalinsu ba. Waɗannan ba kasafai ake ba su shafi a littafin hutu ba, domin mai saye nishaɗi ya biya.