Wa Ke Shan Baƙin Man Roba-Robata?

Uwargida ce ta fara gani. Tana sharar zaure da safe sai na ji ta ce, "Malam, mashin ɗin nan naka ya fara fitsarin kwance." Na leƙo, ga ɗigo uku na baƙin mai a kan siminti, daidai ƙarƙashin murfin kuloci, ta hannun dama.

Mashin ɗin Jincheng ne, wanda muke kira roba-roba, mai injin 110. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 shi ne ƙafata, da shi nake zuwa aiki Kusada daga Kankiya in dawo da yamma. Irin wannan inji jikan Honda Super Cub ne, wanda Japanawa suka fito da shi a 1958, kuma baƙin mai ɗaya ke shayar da fistan da giya da kuloci. Idan ya tsiyaye, su ukun za su ƙone tare. Shi ya sa ɗigo uku suka hana ni sukuni.

Bakaniken farko bai ko durƙusa ba. Ya ce fakin ne. Ya kwance murfin, ya sa sabo, ya lafta masa gam har yana tsartuwa ta gefe. Kwana biyu zaure na bushe, ran na uku ɗigo ya dawo. Na koma, ya ce to oyal sil ɗin kik ne, wato zoben robar da ke rungume da sandar kik inda ta huda murfin. Ya canza shi. Mako bai cika ba na sake ganin naso a takalmina na dama.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani dattijo da ke gyara a gindin bedi, gefen titin Kano zuwa Katsina. Shi bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi kamar alƙali.

"Malam, in ya kwana biyu ba a hau ba, yana ɗiga?"

Na ce a'a, Baba. Asabar da Lahadi zaure fes yake.

"In ka je masallaci ko kasuwa ka dawo fa?"

Nan ma babu. Sai na je Kusada na dawo.

Ya gyaɗa kai. Ya ce ashe notin juye mai na ƙasa ya kuɓuta, domin da shi ne ko wasarsa, da ko a tsaye mashin yake zai riƙa zuba, sanyi ko zafi. Tsagewar murfi ma haka. Abin da muke nema ɓarawo ne da ba ya fita sai inji ya yi zafi sosai.

Ya sa yaronsa ya wanke injin da kananzir, ya bi da ruwan omo, aka bar shi a rana ya bushe ƙayau. Sai ya aika wurin mai shayi aka ɗebo masa toka a murhu, ya tankaɗe ta da tsumma, ya barbaɗe gefen injin gaba ɗaya har ya koma fari kamar wanda ya kwana a hunturu. Hikimar ita ce mai ba ya tsayawa inda ya fito. Yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya, don haka inda ka ga ɗigo ba lalle nan ne ƙofar ba. A kan toka kuwa, wurin da ya fara yin baƙi shi ne mafari. Ya ce in hau in yi tafiya mai nisa, kada in tausaya masa.

Da na dawo muka durƙusa tare. Layin fakin fari fat, duk gam ɗin nan a banza aka lafta. Amma a gindin sandar kik ga wani baƙin zobe, da siririn layi ya gangaro. Na ce ai kuwa sil ɗin sabo ne, ko jabu aka sa mini? Ya zare kik ɗin, ya bi sandar da farcensa yana neman zaizaya ko kwari da zai ci bakin roba. Sumul take. Ya girgiza ta, ba ta wasa. Sil ɗin ma lafiyarsa lau.

A nan na fara fid da rai. Shi kuwa sai ya kama marfin da ake auna mai, inji na da zafi, ya murɗa a hankali yana kasa kunne. Sai muka ji "fusss", kamar an buɗe lemon kwalba.

"Ka ji shi," in ji Baba. "Cikinsa ne ya kumbura."

Ya tsayar da mashin daidai, ya jira mai ya kwanta, ya auna. Ya haura layin sama. Ya tambaye ni nawa ake zuba masa, na ce gwangwani guda, lita 1, a juye duka. Ya ce irin wannan inji abin da yake ɗauka in an juye bai wuce kamar lita 0.8 ba, sauran ƙari ne da muke yi saboda ƙyashin barin ragowa a gwangwani. Na ɗauka an gama. Ya ce a'a, shekara nawa kana cika shi haka bai yi yoyo ba? Wannan ya taimaka wa ɓarawo ne kawai. Yaushe abin ya fara?

Sai da na yi lissafi. Bayan dogon hutun damina ne, lokacin da na yi makonni a Katsina, mashin na jingine a zaure ba mai tayar da shi.

Bai ce komai ba. Ya zura hannu saman injin, ya ciro wani siririn tiyon roba da ban taɓa sanin yana wurin ba. Ya ce wannan ne hancin inji. Duk kai da komowar fistan tana matsa iskar da ke ciki, hayaƙi kaɗan yana sulalewa ta gefen ringi ya sauka, zafi kuma yana ƙara kumbura su. Ta wannan tiyo suke fita. Ya sa a baki ya hura, kumatunsa suka cika, ko kaɗan bai wuce ba. Ya ɗauko sifok ɗin keke ya zura ta ƙarshen. Sai ga busasshiyar jar laka tana marmashewa a tafin hannunsa, a tsakiyarta wata 'yar tsutsa da ta bushe.

Zanzaro ne. Ya samu rami mai duhu a zaure shiru, ga laka ko'ina saboda damina, ya gina ɗakinsa ya liƙe ƙofa. Tun daga ranar injin ba ya numfashi. A gajeriyar tafiya yakan daure, amma kafin in kai Kusada iska ta cika shi, ta rasa hanya, sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni, bakin robar kik. Ko sil goma aka canza, haka za ta yi musu.

Yaron ya wanke tiyon da fetur ya mayar, aka rage man zuwa tsakanin layi biyu, aka sake barbaɗa toka. Na je Kusada na dawo, tokar na nan fara. Sil ɗin da na zarga da jabu shi ne a jiki har yau, wata na biyar ke nan, kuma ragowar man da ke cikin gwangwani yanzu a taga nake ajiye ta don shafa wa sarƙa.