Yadda gwaggon biri ya gina azuzuwa a Ruwanda

Ku ɗauko taswirar Afirka. Ku aza yatsa bisa Nijar, ku gangara kudu maso gabas, ku ratsa Cadi da Afirka ta Tsakiya da Kwango. Can gabas ga Kwango za ku ga wata ƴar ƙasa, in ba ku lura ba yatsa ya rufe ta. Sunanta Ruwanda, babban birninta Kigali. Faɗinta duka bai kai na jahar Maraɗi ba, amma ƙidayar shekara ta 2022 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 13. Ƙasa kaɗan ke nan, mutane tuli. Shi ya sa ba a barin fili haka nan, har bisa tuddai noma ake yi.

A arewa maso yammacin ƙasar, kan iyakarta da Yuganda da Kwango, akwai jerin duwatsu waɗanda a zamanin da suke aman wuta. Mafi tsawonsu shi ne Karisimbi, mita 4507. Akwai wani kuma da ake ce ma Sabyinyo. Kansa tsage-tsage ne kamar haƙoran tsoho, kuma daga kalmar haƙori ta harshensu sunan ya fito. A ƙololuwarsa ne iyakokin ƙasashen nan uku suka haɗu. Wurin akwai sanyi da hazo, ruwan sama kuwa ba ya daɗewa bai zubo ba. Jikin duwatsun duk kurmi ne da gora.

Cikin wannan kurmi ne gwaggon birin dutse yake zaune. Kada ku ɗauka irin birin da ke ɓarna a gonakinmu ne. Wannan ba ya da wutsiya, gashinsa baƙi ne mai kauri, kuma babban namiji yakan kai kilo 180, wato nauyin manyan mutane biyu ko uku. In ya manyanta sai gashin bayansa ya yi furfura. Shi ne maigida, shi ke jan garke, mata da ƴaƴa na biye. Ganye suke ci da tohon gora. Kowane marece sai kowa ya tanƙwara rassa ya yi ma kansa shimfiɗa sabuwa. Mace takan haifi ɗa guda, sa'an nan ta yi wajen shekara huɗu kafin ta sake haihuwa. Don haka in garke ya ragu, ba ya saurin komawa yadda yake.

Duk duniya ba a samun wannan dabba sai a duwatsun nan da wani kurmi na Yuganda da ake kira Bwindi. Tun shekara ta 1925 aka keɓe wurin ya zama gandun namun daji, amma hakan bai hana su ƙarewa ba. An sare wani yanki na kurmin an yi gonaki. Mafarauta suna kafa tarko don gada, sai ya kama hannun ɗan biri. Wata Ba'amurkiya mai suna Dian Fossey ta zauna cikinsu tun daga 1967, tana nazarin halinsu, tana faɗa da masu tarko, har aka kashe ta a 1985. Ƙidayar 1981 ta samu birai wajen 250 kaɗai suka rage a duwatsun.

Ana cikin haka, a shekara ta 1979, aka fara wata dabara. Aka riƙa sabar da wasu garkuna da ganin mutane, sannu sannu, har suka daina gudu. Daga nan aka ce duk mai son ganinsu ya zo, amma ya biya. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido: mutum ya bar garinsu, ya kashe kuɗinsa, don kawai ya ga abin da babu a ƙasarsu. Baƙi suka fara zuwa daga Turai da Amurka. Yaƙi da kisan kiyashin da aka yi ma Tutsi a 1994 suka tsai da kome, sai a 1999 aka sake buɗe gandun.

Ganin gwaggon biri yana da doka. Mutum takwas kaɗai ke zuwa wurin garke ɗaya a yini, kuma awa ɗaya tak suke yi da shi. Ba a matsawa kusa. Ba a cin abinci gabansu. Wanda bai kai shekara 15 ba ba a barinsa ya hau, ke nan ku da ke karatun nan sai kun ƙara girma. Tun 2017 kuɗin takardar shiga na baƙon da ya zo daga nesa dala 1500 ne. To, ku yi hankali, ba dalarmu ta tamma biyar ake nufi ba, dalar Amurka ce. In aka juya ta kuɗinmu ta haura jika 800. Ku lissafa ku gani: baƙi takwas, kowa dala 1500, dala 12000 ke nan a yini ɗaya, daga garke ɗaya.

Yanzu mu sauko daga bisa dutse mu zo gindinsa, wurin manoma. Gonar dankalin turawa tana ƙarewa daidai inda kurmi ya fara. Da dare ɓauna takan fito ta tattake shuka. An hana manomi shiga ya saro gora, an hana shi itacen wuta, an hana shi zuma. Da safe yana tsaye da fartanyarsa zai ga manyan motoci sun wuce da baƙi, da rana su dawo su wuce, shi ko ƙura ce rabonsa. Ku tambayi kanku: mutumin nan, don me zai so gwaggon biri? In ya ga mai tarko, don me zai tona shi?

Amsar farko daga gwamnati ta zo. A 2005 aka tsai da cewa kashi 5 cikin 100 na kuɗin da gandayen ƙasar suka samu za a mai da su garuruwan da ke kewaye da su. A 2017 aka ninka ya zama kashi 10. Ba a raba kuɗin hannu da hannu. Mutane ne ke faɗin abin da suke bukata, hukuma ta zaɓa, a gina. An kuma ja katangar duwatsu mai tsawon fiye da kilomita 70 a bakin kurmin don tare ɓauna.

Amsa ta biyu ita ce ta fi ban sha'awa, don daga wurin mutanen gari take. A shekara ta 2004 mazauna yankunan Kinigi da Nyange, cikin gundumar Musanze, suka kafa wata ƙungiya mai suna SACOLA. Wata ƙungiyar kare namun daji, African Wildlife Foundation, ta taimaka aka samo kuɗi, aka gina masaukin baƙi a gindin dutsen Sabyinyo. An buɗe shi a 2007. Ɗakunansa ba su da yawa, amma masu tsada ne ƙwarai, kowane da murhun jin ɗumi saboda sanyi.

Ga abin lura a nan. Ginin na ƙungiyar mutanen gari ne. Amma manomi bai san yadda ake nemo baƙo daga Faransa ko Amurka ba, bai san irin abincin da baƙon yake so ba. Saboda haka suka ba wani kamfani na ƙasar Kenya, Governors' Camp, wanda ya san sana'ar, suka ce ya tafiyar da masaukin. Kamar mai shago ne ya ba ɗan kasuwa haya. Kamfani ya ci ribarsa, amma ya biya kuɗin haya, kuma kowane dare da baƙo ya kwana akwai wani kaso da ke shiga asusun ƙungiya. Ba sadaka ba ce da za a ba su yau a hana su gobe. Hakkinsu ne, a rubuce yake. A ganina nan ne ƙarfin abin yake.

To, me suka yi da kuɗin?

Sun kula da abin da ke damun yara, wato ruwa. Za ku yi mamaki, ƙasar da ruwan sama ya yi yawa haka a ce ana wahalar ruwa. Dalili shi ne dutsen wurin huje-huje gare shi kamar soso. Ruwa na faɗowa sai ya shige can ƙasa, ga shi gina rijiya cikin dutse ba abu ne mai sauƙi ba. Lokacin rani mata da yara sukan shiga kurmi da jarka neman ruwa. Yaron da ya tafi ɗiban ruwa da asuba ba ya isa aji da wuri, in ya isa ma barci yake ji. Sai aka kafa manyan tankuna masu tara ruwan da ke gangarowa daga rufin kwano. Yaro ya samu ruwa kusa da gida, biri kuma ya huta da masu shiga masa kurmi.

Sun gina azuzuwa. A Ruwanda yara sun yi yawa har makarantu da dama suka riƙa raba su kashi biyu, wasu su zo da safe, wasu da rana, malami ɗaya ya karantar da duka. Ku da kuka san zaman runfar zana, kun san darajar aji mai bango da rufi da tebur. Can kuwa ba rana ce ke korar ƴan makaranta ba, ruwa ne da sanyi.

Sai kuma lafiya. A ƙasar akwai wani asusu na taimakon juna. Kowane gida yakan zuba kuɗi sau ɗaya a shekara, gwargwadon yawan mutanensa, a ba shi kati. Mai kati in ya je gidan likita kaɗan zai biya. Amma akwai gidajen da ko wannan zubi ya fi ƙarfinsu. In yaro ya kama tari ko zawo sai a yi ta jira, ba a kai shi sai ciwo ya yi tsanani. Ƙungiyar ta riƙa biya ma irin waɗannan gidaje. Ta gina ma marasa galihu gidaje. Ta kuma raba shanu, don yara su samu madara, gona ta samu taki. Bisa tsarin da ake bi a ƙasar, in saniya ta haifi maraƙa mace, sai a miƙa ta ga maƙwabci wanda ba ya da ita. Wanda ya san haɓɓanayen Fulaninmu ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kada ku ɗauka tausayi kaɗai ya sa masu kula da birai suka damu da lafiyar ƴan ƙauye. Jikin gwaggon biri ya yi kama da namu ƙwarai, har cutarmu tana kama shi. Murar da za ta kwantar da kai kwana uku tana iya kashe shi. A shekara ta 2009 wata cutar numfashi ta mutane ta shiga wani garke a Ruwanda, mace guda da jariri guda suka mutu. Masu bin sawun birai da masu ɗaukar ma baƙi kaya ƴan garuruwan nan ne, da marece gida suke komawa wurin ƴaƴansu. In tari ya yi yawa a ƙauye, ba da daɗewa ba zai hau dutse.

Birai dai sun ƙaru. Ƙidayar da aka bayyana a 2019 ta ce sun kai 1063, in an haɗa na duwatsun da na Bwindi. Amma ba kowa ya ji daɗi daidai ba. Mutanen gindin duwatsun dubbai ne bisa dubbai, in aka raba kashi 10 ɗin nan a kansu abin da zai kai ga gida ɗaya bai taka kara ya karya ba. Wanda ɓauna ta cinye ma dankali, sabon aji ba ya cika masa rumbu. Akwai kuma Batwa, mutanen da tun kakanni cikin kurmin suke zaune, suna farauta suna ɗiban zuma. An fitar da su ba su da gona, kuma har yau suna cikin waɗanda suka fi kowa talauci a yankin.

Wata matsalar ita ce, baƙo ba dole ba ne ya zo. A watan Maris na 2020, da cutar korona ta game duniya, aka rufe gandun, jirage suka daina sauka. Masauki ya zama ba kowa, asusu ya tsaya, masu ɗaukar kaya suka zauna gida. Da aka sake buɗewa a watan Yuni sai aka sa doka kowa ya rufe hanci da baki kafin ya kusanci birai. Mu ma a Nijar mun san irin wannan. Raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, 49 kaɗai suka rage a 1996. Da aka kula da su suka koma ɗaruruwa, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai Gadabeji cikin jahar Maraɗi. A lokacin samarin garuruwan Kure sun riƙa samun abinci da yi ma baƙi jagora. A watan Agusta na 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, hukuma ta rufe shi, sana'ar jagora ta tsaya cak.

A Ruwanda baƙi sun dawo. Tun 2005 ake yin wani buki da suke kira Kwita Izina, wato raɗin suna. Yadda ake yi ma jariri suna a gida, haka ake raɗa ma kowane ɗan biri da aka haifa cikin shekara. A Kinigi ake taruwa, galibi cikin watan Satumba, da kiɗa da rawa, ƴan makaranta su cika fili. Su biran ba a kawo su, suna can bisa dutse abinsu. Masu bin sawunsu kuwa ba sa ɓata sunan ko ɗaya, don kowane biri da irin zanen da ke bisa hancinsa, kamar yadda kowannenku yake da nasa zanen yatsa. Kafin ranar bukin, hukuma takan je ɗaya daga garuruwan bakin gandu ta buɗe abin da aka gina da kuɗin baƙi a wannan shekara, wani lokaci gidaje, wani lokaci ɗakin likita, sau da yawa kuwa azuzuwa.