Ɗan hakin da ka raina: abin da madubin likita ke nunawa a jikin ciyayi

Kowa ya san na'urar nan da likita ke duba jinin mai masassara da ita a asibiti, wadda ake kira mikroskop. Tana ƙara girman abu sau ɗari, har sau dubu. To, in aka ajiye jini gefe aka sa mata hakin da muke takawa a hanyar kasuwa, me za a gani?

Mu fara da ƙarangiya, wadda ba mai gaishe ta sai da tsaki. A cikin madubin, kowace ƙaya tata kamar mashi take, an jera mata ƙananan haƙora masu kallon baya, tsaf kamar aikin maƙeri. Shi ya sa shigarta zane ba wuya, fitar ce aiki. Irin wannan kallo ne wani injiniyan ƙasar Suwis, George de Mestral, ya yi wa ƙayar wata ciyawa ta ƙasarsu da ta maƙale a gashin karensa a 1941. Ya tarar da ƙugiyoyi, ya kwaikwaye su, aka samu Velcro, maɗaurin nan mai ƙara na takalman yara da jakunkuna. Ƙaya ta zama haja.

Sai ganye, abin sana'ar iyayenmu mata masu rama, tafasa da yakuwa. Fatar ganye a madubi kamar shimfiɗar tabarma take, ɗaki-ɗaki, kuma a tsakani akwai ƙananan bakuna, kowane da leɓɓa biyu masu kamar ƙwayar wake. A wurin da bai fi faɗin farce ba akwai dubbansu. Ta nan ganye ke shaƙar iska, ta nan kuma ruwansa ke fita. Ko an tsinke shi ruwan bai daina fita ba, ga shi babu saiwar da za ta mayar. Ke nan mai yayyafa wa ganyenta ruwa, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ta san abin da take yi: nauyin hajarta da kyanta take tsarewa.

Na ukun shi ne abin tsoro: ƙuduji, mai jan fure a gonar hatsi da dawa. Irinsa a ido ƙura ce kawai, tsawon ƙwaya ɗaya bai kai rabin milimita ba. A madubi kuwa sai ka ga ƴar ƙwarya mai zane layi-layi, kamar sassaƙar gwani. Amma tushe ɗaya na zubar da dubban irin nan, kuma suna iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran saiwar hatsi su kama ta su tsotse.

Nan maganar ta iso gare mu, ƴan kasuwa. Wannan ƙura tana bin hatsin da aka sussuka a ƙasa, ta shiga buhu, ta shiga tiya, ta sauka a gonar da ba ta taɓa ganin ƙuduji ba. Mai saida iri ya tambayi gonar da kayansa suka fito, ya sheƙe, ya tankaɗe da kyau kafin ya auna. Manomin da ya sayi iri mai tsabta a hannunka bana, shi zai kawo maka buhu baɗi.