Ƙaramar Mota, Ƙaton Inji: Yadda Aka Haifi Cobra

A 1961 kamfanin AC Cars na Ingila ya shiga tsaka mai wuya. Motarsa Ace, 'yar ƙarama mai kujera biyu da bodin alminiyam, ta dogara ne da injin Bristol mai lita 2 da filogi shida, sai ga Bristol ya daina ƙera injin. Ana cikin haka wasiƙa ta iso daga Carroll Shelby, Ba'amurken da ya ci tseren Le Mans a 1959 kafin ciwon zuciya ya raba shi da tuƙin tsere. Yana so a gyara masa Ace ta ɗauki inji mai filogi takwas, wato V8. Chevrolet ya hana shi inji, don ba ya son a yi wa motarsa Corvette kishiya. Ford kuwa yana da sabon V8 mai lita 4.3 da bai cika nauyi ba, ya ba shi. A 1962 aka haɗa ta farko a Kalifoniya, aka raɗa mata suna Cobra. Ita kaɗai ce a hannunsa, don haka Shelby ya riƙa sauya mata fenti kafin ya miƙa wa 'yan jarida, su zaci motocin da yawa ne.

Masu ba da wannan labari sun fi zaƙewa a kan injin, alhali ɗaura shi ne aiki mafi sauƙi. Wahalar tana ga sauran jikin motar. Sai da aka ƙarfafa shasi, aka sa wa tayoyin baya akwatin haƙora mai jure ƙarfi, aka gyara birki, daga baya aka canza sitiyari gaba ɗaya. Ga kuma zafi. Ƙaton inji a ɗan kurtun wuri ba ya samun iska, lagireto na tafasa a cunkoso, bututun salansa kuma na bi ta gefen ƙafar direba har tafin takalmi ya ɗauki zafi.

Da aka koma inji mai lita 4.7 da ƙarfin doki 271, motar ta daidaita. Amma da aka cusa mai lita 7 a tsohon shasin, direba Ken Miles ya ɗanɗana kuɗarsa a filin tseren Sebring a 1964: motar ta ƙi jin sitiyari, ya gwabza wa bishiya. Dole a 1965 aka ƙera sabon shasi da bututu mai kaurin inci 4 maimakon 3, aka jefar da sifirin mai falle-falle aka sa naɗaɗɗe, aka faɗaɗa bodi don manyan tayoyi. Ita ce Cobra 427 mai ƙarfin doki 425, kuma in za a faɗi gaskiya, abin da ya rage na Ace a jikinta kama ce kawai.

Cikin kamfanonin da suka ɗaura V8 a ƙaramar mota, a ganina MG ya fi kowa dabara. V8 ɗin Rover mai lita 3.5 da ya sa wa MGB GT a 1973 na alminiyam ne, nauyinsa bai wuce na tsohon injin ƙarfe mai filogi huɗu ba, saboda haka gaban motar bai rinjayi bayanta ba. Sunbeam Tiger kuwa mai injin Ford, cinikin kamfani ya kashe ta a 1967, bayan Chrysler ya mallaki Rootes, kamfanin da ke ƙera ta, aka tarar nasa injin ba ya shiga.

Yau Cobra ta farko ta zama dukiya, an sayar da ita dala miliyan 13.75 a 2016. Sai dai Shelby sababbin motoci ya yanka, da amincewar masu ƙera su. Wanda ya mallaki tsohuwar motar da samunta ke wuya, da zarar ya sa wuta ya yanke shasinta, darajarta ta faɗi. In lallai sai an yi, a fara da birki da lagireto, a auna nauyin injin kafin a saya, tsohon injin kuma a adana shi da lambarsa.